Hannun Aro a Magamar Jibiya

Tun ranar da Salmatu ta zo hutu daga Zariya ta lura akwai abin da Rabi'a ke ɓoyewa. Ta daina daka, ta koma aika hatsi inji, ita da take cewa garin inji warin ƙarfe yake. In an miƙo mata jaririn 'yarta Ma'u sai ta karɓe shi ta dama, ko da ta hagu aka miƙo. In kuma ta zaci ba mai kallonta, hannunta sai ya lallaɓa ƙarƙashin mayafi ya tsaya a ƙirji, ya daɗe, sannan ya fito. Salmatu ta ga duk wannan, amma ba ta da bakin tambaya.

Rabi'a ce ta haife ta, amma ita ce 'yar fari, a gidansu kuwa kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ta aka kai ta wajen kakarta a Daddara. Can ta girma, daga can ta tafi sakandaren kwana, daga nan sai aiki. Rabi'a ba ta taɓa kama sunanta ba. 'Yar Daddara take cewa, shi ma ba da ita take yi ba, da wani take: "Ma'u, ce ma 'yar Daddara tuwonta na hucewa," alhali Salmatu na zaune a gabanta. Ita ma ba ta ce mata Inna yadda ƙanwarta Ma'u ke yi. Yaya take ce mata, a gaisuwa kawai, ido a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce. Duk sanda za ta koma Zariya takan tarar da ƙullin kuka da daddawa a ƙasan jakarta, ba wanda zai ce ga wanda ya saka.

Ranar Asabar ta je Daddara gaida kakarta ta kwana. Da ta dawo da hantsi sai ta tarar gidan shiru, Ma'u kaɗai a ɗaki tana ba jariri nono. Wankan jego ta zo yi gida, ba ta fita ko zaure.

"Ina Yaya?"

Ma'u ta dubi jaririn, ta dubi ƙofa.

"Ta ce kar in gaya miki."

Salmatu ta ajiye jakarta, ta zauna a bakin gado, ta jira. Ta san ƙanwarta ba ta iya riƙe magana in aka yi mata shiru.

"Ƙullutu ne," in ji Ma'u. "A nonon hagu. Tun kafin in haihu ta ji shi. Wai daka na ƙara mishi girma, shi ya sa ta bari. Inna Zalika ta zo da safe ta tahi da ita. Akwai wani wanzami gaban Ɗan Isa, wai a Maraɗi duka ba mai hannunshi. Sakiya za a yi mata."

Salmatu ta san sakiya. A sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a huda kumburi, mugunya ta fita. Ta kuma san yadda sakiya ke ƙarewa in ba mugunya a ciki, don ranakun da likitocin waje ke duba mata a asibitin da take aiki, ita ake kira ta yi tafinta. Ta ga matan da aka kawo bayan an huda musu irin wannan ƙullutu. Ramin ba ya rufewa.

Ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

"Mi za ki ce mata?" in ji Ma'u. "Ke da ko ruwa ba ki iya roƙonta."

Salmatu ta fita.

Shekarar nan ce da soja ke shirin miƙa mulki, kuɗin mai na yawo a ƙasa, kowa da abin da yake saye yake sayarwa. Akori-kurar da ta hau ba ta kai bakin shingen iyaka na Magama ba, sai da ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, don manyan motoci sun yi layi har kan kwana. Siminti, kwanon rufi, katifun soso, rediyoyi a kwali, duk sun nufi Nijar. Ta can kuma shanu ne ke shigowa da buhunan wake. Tana tafe tana leƙa kowace mota, kar a ce sun riga sun haye.

Ba su haye ba. Motar Bubakar, direban da Zalika ke bi kullum, tana gefen ofishin kwastan, an sauke kayanta kaf a ƙasa ana dubawa dila bayan dila. Fasinja sun watsu a inuwar itatuwan bedi. Can ta hango su a kan tabarma: Zalika, babbar mace mai haƙorin Makka, 'yar kasuwar atamfa daga Maraɗi, ƙawar Rabi'a tun suna 'yan mata, tana ɓare goro. Gefenta Rabi'a tana fifita da bakin mayafi. Tana ganin 'yarta ta juya fuska wajen Nijar.

Salmatu ta durƙusa ɗan nesa da tabarmar. Ta gaida Zalika, sannan ta ce wa ƙasa, "Yaya, ina kwana." Rabi'a ta amsa wa iska.

"Malamar asibiti," in ji Zalika. "Rakiya kinka zo ko kamu? Zauna, ɗiyata. Mutanenku sun ce sai sun ga gindin mota. Namu kwastan ɗin, 'yan duwan, na can gaba su ma suna wasa haƙori. Bubakar har rantsuwarshi ta ƙare."

A mota Salmatu ta shirya magana tsaf. Yanzu ta neme ta ta rasa. Ko a wajen aiki an san ta da shiru, har Likita Maharazu, shugabanta, kan ce in ba ya ji ƙarar kwalabe ba, ba ya sanin ta zo. Ta tsura wa lallen ƙafar Zalika ido.

"Inna Zalika, da ke nake son magana."

"Da ni?" Zalika ta saci kallon ƙawarta, ta gyara zama. Su ukun duk sun san wa ake nufi. "To, ga ni."

"Wanzamin nan. Kin san aikinsa?"

"A jikina na san shi. Ina goyon Fati nonon ga ya kumbura kamar duma. Zazzaɓi, ba barci, ko zane ya taɓa sai in yi ƙara. Sau ɗaya ya soka. Abin da ya hito, ba ni faɗi kina shirin cin abinci. Kasuwa ba ta zagayo ba ina kan rumfata. Ga Fati can da 'ya'yanta, ga ni ga nonona."

"Ya yi miki aiki, Allah ya saka masa. Amma ba kowane kumburi ke da mugunya ba."

Rabi'a ta yi gyaran murya, fuskarta har yanzu a wancan gefen.

"Zalika, ce ma 'yar Daddara rana na yi. Ta koma gida, Ma'u ita kaɗai ce da jariri."

"Kin ji," in ji Zalika.

"Na ji," in ji Salmatu. Ba ta motsa ba.

"In asibiti take nufi," in ji Rabi'a, "tuna mata Hajo ta Riko. Sun kai ta da nono biyu, ta dawo da ɗaya, ba ta kai lokacin kaka ba."

"Hajo sai da ya fashe aka kai ta, Inna Zalika. Tana kwance a bayan mota aka kai ta."

Zalika ta jefa goro a baki, ta tauna, tana duban yarinyar kamar yau ta fara ganinta.

"Wai ke mi kike yi can Zariya? Kowa na cewa asibiti, asibiti. Allura kike yi ko wankin miki?"

"Ba ko ɗaya. A ɗakin bincike nake. Ciwon nan muke kiwo."

"Kiwo? Kamar akuya?"

"A faranti."

Zalika ta yi dariya har haƙorin Makka ya haska. "Rabi, kin ji ɗiyarki. Mutane na kiwon tumaki, ita daji take kiwo."

Da aka ambaci sunan ciwon, fifitar Rabi'a ta tsaya. Salmatu ta gani ta wutsiyar ido. Sai ta tuna ba wanda ya taɓa gaya wa matar nan abin da take yi a Zariya, don ba ta taɓa samun hanyar tambaya ba. Wannan ya kwance mata harshe.

"An ɗebo shi ne daga jikin wata mata a ƙasar waje, da daɗewa. Ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Muna zuba musu wani ruwa ja-ja, shi ne abincinsu, mu sa su a akwati mai ɗumin jikin mutum. Ɗaya ta rabe biyu, biyun su rabe, haka dai, ba sa tsayawa. Naman jiki ne, Inna Zalika, wanda ya manta yadda ake tsayawa. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Kuma ba ruwa a ciki balle a huda ya fita."

"Da idonki kinka gani?"

"Kullum. Ni ke ba su abinci, ni ke ƙirga su."

"Ba ki tsoro?"

"Da farko na ji. Yanzu na san su."

"To kiwon mi ne amfaninshi? Ku sayar?"

"Magani ake gwadawa a kansu. Likitan da nake aiki ƙarƙashinsa ya dawo daga karatu da wani abu, ritinoyik asid. Dangin bitamin ɗin nan ne da ke cikin hanta da ƙwai."

"Hanta? Ga Ɗantala mai nama can shina gashi. In aika a kawo?"

"Ba ta haka yake ba." Salmatu ta ji murmushi na neman kuɓuce mata. Ta tsinci wani ɗan kara a ƙasa, ta riƙe shi a miƙe. "Iri biyu muke da su. Abu ɗaya ne, ba a ƙara komai ba, ba a rage ba. Sai dai ɗaya a miƙe yake haka, ɗaya kuma wutsiyarsa a lanƙwashe." Ta lanƙwasa ƙarshen karan. "Sai mu ɗiga wannan a wasu farantai, wancan a wasu, wasu kuma mu bar su ba komai. In an kwana biyu sai in duba. Waɗanda aka bari haka sun cika faranti har suna hawan juna. Waɗanda aka ɗiga wa, da fili a tsakaninsu. Ba mutuwa suka yi ba, gudu suka rage. Kuma biyun ba daidai suke aiki ba. A farantanmu miƙaƙƙen ya fi riƙe su. Shi kuma ba ya son haske, yana ganin rana sai ya fara lanƙwashewa. Shi ya sa muke rufe taga, mu naɗe kwalbar, mu yi aiki da wani ɗan ƙwan lantarki mai duhu-duhu."

"Magani mai kunya," in ji Zalika. "Ya samu gidan da ya dace."

Rabi'a ta ɗan juyo. Ba fuska ba, kunne. Salmatu ba ta taɓa yin magana mai tsawon haka a gabanta ba.

Can gefe an gama duba kaya. Bubakar ya hau saman mota yana karɓar dila, yana faɗa da masu miƙo masa.

"To ai magana ta ƙare," in ji Zalika. "Ki koma ki ɗebo miƙaƙƙen, ki naɗe shi a baƙin zane ki kawo."

"Tambaye ta," in ji Rabi'a a hankali, "in mutum ya je can, shi za su ba shi?"

Salmatu ta dubi karan da ke hannunta. Kalma ɗaya ce. In ta ce e, matar nan za ta tashi ta bi ta, ta san haka kamar yadda ta san sunanta. Ba sai an yi gardama ba, ba sai an ambaci wuƙa ba. Sauran sai a ji da shi a Zariya. Ta kuma hango ranar da Rabi'a za ta farka a kan gadon asibiti ta shafa ƙirjinta, ta gane abin da aka yi mata da baki. Daga ranar ko ta bakin Ma'u ba za ta ƙara aiko mata da magana ba.

"A'a," ta ce. "Faranti daban, mutum daban. Ba a kai nan ba tukuna. Ana dai kan hanya."

"To mi za su yi mata?" in ji Zalika.

"Za su duba. Su ɗebi ɗan kaɗan su sa a madubi. In ba shi ba ne, shi ke nan, ta dawo gida. In shi ne, za su cire. Mai yiwuwa har nonon."

Wannan Zalika ba ta isar ba. Babu buƙata.

Rabi'a ta miƙe, ta kakkaɓe mayafinta, ta zura takalmi.

"Zalika, tashi. An fara lodi."

Zalika ta dafa ƙasa ta tashi da nishi, ta fara naɗe tabarma. "Kin yi ƙoƙari, ɗiyata. Amma kin ga, can cirewa, nan hudawa. Kowa ka tambaya hudawa zai ɗauka."

Fasinja sun fara taruwa a gindin mota. Salmatu tana durƙushe, karan a hannunta. Ba ta iya riƙe zanen Rabi'a, ba ta iya shan gabanta, ba ta iya cewa Inna kar ki tafi. Ko ƙullutun ba ta da ikon gani. Sai idonta ya faɗa kan hannun Zalika, yatsu masu kauri da suka sha murza yadi.

"Inna Zalika, kin taɓa shi?"

"Mi?"

"Ƙullutun. Da hannunki. Kin ji irin naki ne?"

Zalika ta tsaya da tabarma a hammata. "Ta ce mini kumburi a nono. Kumburi a nono kuwa na san shi."

"Ke da ba kya sayen atamfa sai kin murza, kin shinshina, kin ɗaga ta a rana. Yau kin ɗauki kaya a ƙulle za ki haye da shi."

Zalika ta dube ta. Sannan ta kwashe da dariya, ta bugi cinya.

"Rabi, ashe da baki kinka haihe ta. Zo nan."

"Ke Zalika, a bainar jama'a?"

"Ga ɗakin caje can."

Gefen ofishin akwai wani ɗan kewaye na zana, inda ma'aikaciyar kwastan ke shiga da mata in za a duba abin da suka ɗaura a ƙugu. Ma'aikaciyar na zaune a bakinsa kan benci, ta cire hula tana shan fura. Ta san Zalika sarai, ta sha kwance mata ɗamara. Zalika ta raɗa mata magana, matar ta dubi Rabi'a, ta matsa da bencinta gaba.

"Ni da na yi miki wankan jego," Zalika ke cewa tana jan hannun ƙawarta. "Mi ya rage a jikinki ban gani ba? Shiga."

Salmatu ta tsaya a waje, ta juya wa zanar baya, fuskarta ga layin motoci. Tambayoyin ta san su, ta sha juya su daga Turanci a bakin gadon wasu matan. Yau ita ce mai tambayar, hannun kuma na aro ne.

"Ta ɗaga hannun sama. Ki sa tafin yatsunki, ba tsininsu ba. Ki bi a hankali."

"Na same shi."

"Da zafi wurin?"

"Babu. Ɗaya da sauran jiki."

"In kin danna tana jin ciwo?"

Aka yi ƙus-ƙus a ciki. "Ta ce a'a."

"Da taushi ko da tauri?"

Wata mota ta wuce da shanu, ƙahoninsu na gogar katako. Da Zalika ta amsa, wasan ya fita daga muryarta.

"Tauri. Kamar ƙwallon goruba."

"Girmansa fa?"

"Bai kai goruba ba. Goro. Ƙaramin goro."

"Yana motsi a ƙarƙashin yatsa, ko a kafe yake?"

"Shina ɗan gudu."

Salmatu ta ci gaba. "Fatar wurin ta canza? Kan nonon ya shige ciki?"

"Lafiya lau suke."

"Ki duba hammata. Ki tura yatsu can ciki."

Sai ga wata 'yar dariya ta tsere daga cikin zana, gajeriya, ta mai jin cakulkuli, tsaki na biye da ita. "Zalika, ke dai ba ki da hankali." Salmatu ba ta taɓa jin wannan dariyar kusa haka ba.

"Ba komai nan," in ji Zalika.

Ta fito ita kaɗai, tana goge hannu a zane kamar ta taɓa wani abu da zai bi ta. Ta tsaya a bakin zanar, rabi tana fuskantar ciki, rabi waje.

"Rabi, wanga ba irin nawa ba ne. Nawa wuta ne, kana kai hannu ka ji ruwa na kai da kawo. Wanga in anka soka, nama za a soka." Ta tofar da tukar goro. "Ni ba ni kai ki. In kin so ki haye ke kaɗai, ga mota. Amma ba ni riƙe miki hannu a sa miki ƙarfe a kan wanga."

Bubakar ya sauko daga saman mota, ya ɗaure igiya, ya shiga ya tada inji. Ma'aikaciyar ta ajiye kwanon furarta, tana kallon ƙasa kamar ba ta ji.

"Tambaye ta," in ji muryar Rabi'a ta cikin zana. "Waɗanda anka cire ma, akwai wadda ta gani ta tashi? Da idonta, ba labari ba."

"Akwai," in ji Salmatu. "Akwai wata Sakinatu, mai ƙosai ce. Ni na yi mata tafinta ranar da ta fara zuwa. Yanzu da ƙafarta take zuwa a duba ta, da goyo a baya, da ɗayan take shayarwa. Akwai wasu ma. Ba duka ba. Amma waɗanda suka zo yana kamar goro, yana motsi, hammata ba komai, su suka fi tashi."

Bubakar ya danna oda, ya leƙo ta taga. "Hajiya, an ɗaga ƙarfen shinge. In ba ku tahowa ku faɗa mini, na baya na zagina."

Zanar ta motsa. Rabi'a ta fito, zane a ɗaure tam, mayafi har goshi. Ba ta dubi kowa ba. Ta dubi hanyar Ɗan Isa, inda ƙarfen shingen ke tsaye a sama, ta daɗe tana dubawa.

"Zalika, ce ma Bubakar ya sauko mini da ƙullina."

Bubakar ya kashe inji, ya kama kansa da hannu biyu. Ƙullin na can ƙarƙashin katifu, ya ce, da hannunsa ya danna shi. Zalika ta ce ai hannun bai tafi ko'ina ba. Ya hau yana ta mita, yana kwance igiyar da ya gama ɗaurewa, fasinja na tsaki, na baya na danna oda.

Ana cikin wannan Rabi'a ta sake magana, ƙasa-ƙasa.

"Ki kuma ce mata, in za a kwance mini zane can, ta fita."

"Zan tsaya a bakin ƙofa," in ji Salmatu.

Ƙullin ya sauko. Salmatu ta kai hannu, Rabi'a ta riga ta, ta ɗora a ka. Suka tsaya su biyu a gefen titi, tsakaninsu tazarar mutum ɗaya, kowacce na kallon wani wuri daban. Zalika ta riga ta sa ƙafa a matakalar mota. Ta waiwayo ta dube su, ta dubi dilolin atamfarta a sama, ta sake dubansu.

"Kai, jama'a. Daga nan har Zariya, wa zai ce ma wa shina jin ƙishirwa?" Ta sauke ƙafar. "Bubakar, kayana ka kai ma Fati. Ka ce kar ta buɗe dilar shuɗiya sai na dawo. In ta tambayi ina nike, ka ce na tahi ganin kiwo."

Motar ta haye ba tare da su ba. Suka tsallaka titi zuwa inda ƙananan motocin Katsina ke lodi, Zalika a gaba tana faɗin yadda ba ta taho da ko zanen canji ba, kuma ita fa ba ta cin tuwon asibiti. Suka samu wata Fijo. Ba wanda ya tsara zaman: Rabi'a ta shige can jikin taga, Zalika a tsakiya, Salmatu a bakin ƙofa.

"Ce mata a tsaya gida tukuna," in ji Rabi'a. "In bar ma Talatu maƙwabciya amanar ruwan wankan Ma'u. In ba a tsaya a kanta ba da ruwan ɗumi za ta yi."

"Ce mata direban zai tsaya, na yi masa magana. Gobe Litinin, likitan na zama da safe," in ji Salmatu.

"Na ji ku duka," in ji Zalika. "Ku bar ni in huta."

Direban ya leƙo ya ce saura mutum ɗaya mota ta cika. Suka zauna suna jira.